Ɗana, Kafin Ka Ce Wane Zai Kashe Wane

Labari ya iso mini cewa a cikin samarin unguwa kai ake nema in za a yi damben keji, wannan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa wuri guda. An ce ka san nauyin kowane ɗan dambe da tsawon hannunsa da yawan waɗanda ya kayar, kuma in ka ce wane zai ci, sau tari hakan take kasancewa. Ban yi baƙin ciki da jin haka ba, don ido mai lura baiwa ce, ba kowa Allah ke ba ba. Abin da ya hana ni barci shi ne da aka ƙara mini da cewa ka fara rantsuwa a kan hasashenka, har wasu sun soma ɗora kuɗi a kan maganar bakinka. Saboda haka ka ba ni aron kunnenka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Muna samari, in an yanke dawa an kai gida, kafin jama'a su watse zuwa ɗibar auduga a hawashoshin Jazira, kokawa ake yi a garuruwanmu na bakin kogi, tun daga Mai Wurno har wajen Sinja. Daren farin wata ake zaɓa, a share fili, makaɗa su zauna gefe guda. Akwai wani dattijo, tsohon ɗan kokawa ne da kamun kifi ya ƙarasa tanƙwara masa baya, wanda ba ya rasa zama a bakin da'ira. Mu muna kallon ƙirji da damtse da yawan layu, shi kuwa ƙasa yake kallo. Yana duba yadda mutum ke miƙewa daga tsugune, ko da gwiwa ɗaya yake taimakon ɗaya. Yana duba cikinsa bayan ya gama kirari, ko yana hawa da sauka da sauri. Yana duba inda idonsa ke zuwa, wajen abokin karawa ko wajen 'yan mata masu guɗa. In muka matsa masa da tambaya, ba ya taɓa ba mu suna ɗaya tak. Sai ya ce, "In aka yi ta da wuri, ta dogon ce. In aka daɗe ana riƙe da juna, gajeren zai kai shi ƙasa, don dogon ya riga ya sayar da numfashinsa wajen kirari." Mu a lokacin haushi yake ba mu, suna muke so mu ji mu tafi da shi.

Haka masani ke magana, ɗana. Yakan gaya maka hanyar da kowane ɗaya zai bi ya ci, da abin da zai tare masa hanyar, sannan ya ja bakinsa ya yi shiru. Wanda ya buɗe baki ya ce "wallahi wane ne" bai fi dattijon nan sani ba, ya dai fi shi saurin baki, kuma baki shi ke yanka wuya. Ka koyi sa wa maganarka sharaɗi. Ba ragwanci ba ne ka ce "in kaza ta faru". Iyakar abin da idon ɗan Adam ke iya gani ke nan, kuma mai faɗin iyakar saninsa ba ya jin kunya ko ta ina aka ɓullo.

A shekarar 1974 aka shirya damben Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa. Ba mu da talbijin, rediyo muke kewayewa a ƙarƙashin rakuba, kuma kusan duk majalisar ta ba Foreman. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Foreman yana da shekara 25, ba a taɓa cinsa ba cikin wasa 40. Joe Frazier da Ken Norton duk sun taɓa cin Ali, shi kuwa Foreman kowannensu a turmi na biyu ya gama da shi. Ali ya kai 32. Lissafi ya fita sarai: wanda ya kashe masu kashe ka, ina kai ina shi? Amma Ali ya jingina da igiya ya rufe fuska, ya bar yaro ya yi ta dukan hannuwa da haƙarƙari har ƙarfinsa ya tsiyaye, a turmi na takwas ya kwantar da shi. Da gari ya waye labari ya iso, waɗanda suka fi ɗaga murya jiya su suka fara tashi daga majalisa.

Wannan lissafi na "wane ya ci wane, wane kuma ya ci wane" shi ne ramin da 'yan hasashe suka fi faɗawa, kuma a damben keji ya fi zurfi, don ƙofofin faɗuwa sun fi yawa. Ana iya sumar da mutum da hannu ko gwiwa ko ƙafa, ana iya shaƙe shi ko a murɗe masa gaɓa har ya buga ƙasa ya sallama, ana iya kai wa ga alƙalai uku su yanke hukuncin da rabin 'yan kallo ba su yarda da shi ba. Tun gasar farko ta UFC a Denver a 1993 aka ga haka, inda Royce Gracie ɗan Birazil, wanda yake cikin marasa jiki a wurin, ya bi ƙarti ɗaya bayan ɗaya yana kai su ƙasa har su sallama. Gaba da gabanta. Saboda haka in za ka auna, ka bar ƙirga sunaye, ka tambayi kanka wane ne zai tilasta wa ɗaya yin irin faɗan da ba ya so. Mai naushi yana da ƙugun da zai hana a ɗauke shi? Mai kokawa yana da haɓar da za ta jure kafin ya kai ga kamu? Turmi uku ne na minti biyar-biyar, ko biyar ne na kambu? Wanne ne ya matse ruwan jikinsa fiye da kima don ya hau sikeli, ya zo idanu a zurme? Waɗannan su ne ƙafafu da cikin da dattijon nan yake kallo.

Akwai wanda nake so ka daɗe kana nazarin labarinsa, Francis Ngannou ɗan Kamaru. Yaro ne daga ƙauyen Batié da ya tashi yana haƙar yashi don ya samu na makaranta. Ya keta Sahara, ya sha wuya a Maroko, ya ƙetare ruwa zuwa Sifen aka tsare shi, ya isa Faris yana kwana a titi. Da ya shiga keji sai ya zama ba a daɗewa a gabansa, naushi ɗaya ko biyu an gama. A Janairun 2018 aka haɗa shi da mai riƙe da kambu, Stipe Miocic, a Boston, kuma masu hasashe suka fi ba Ngannou. Ya fito da fushi yana neman kisa tun a turmin farko, ya yi ta jefa hannu a iska. Kafin a gama turmi na biyu bakinsa a buɗe yake, hannuwansa sun yi masa nauyi. Miocic ya yi ta kai shi ƙasa yana danne shi har turmi biyar suka cika. Daga nan masu hasashen suka juya baki ɗaya, suka ce ƙarfi ne kawai babu dabara, an gano shi. Shekara uku ya yi yana koyon abin da ya rasa. A Maris na 2021 suka sake haɗuwa a Las Vegas, ɗan damben Nijeriya Kamaru Usman na tsaye a kusurwarsa. Wannan karon bai yi gaggawa ba. Da Miocic ya nutsa zai kama ƙafarsa, sai ya watsa ƙafafu baya ya danne shi, abin da bai iya ba a da. A turmi na biyu ya sumar da shi ya ɗauki kambu.

Ka ga sau biyu taron jama'a suna yanke wa mutum ɗaya hukunci, sau biyu yana ba su kunya. Da farko sun raina haƙurin Miocic, daga baya sun raina cewa mutum yana iya gyaruwa. Wannan na biyun ya fi damuna a kanka, don wanda ya saba yanke wa 'yan dambe hukunci da wasansu na jiya, zai saba yanke wa mutanen gari hukunci da laifinsu na bara. Na ga yaran da aka ce ba za su yi albarka ba sun zama su ke riƙe da gida, na ga waɗanda aka yi ta yi wa kirari tun suna goye sun ƙare ba su tsinana komai ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ka bar wa kowa ƙofar da zai shigo ya ba ka mamaki.

Ka fi ni tuna safiyar nan ta Agustan 2022. Wasannin Amurka a wajenmu daidai kiran asuba manyansu ke farawa, babban wasa kuwa sai rana ta fito, kuma na lura da sahun da ke raguwa a masallaci a irin waɗannan ranaku, amma wannan magana ce ta wata rana. Ina shan shayi a ƙofar gida na ji nadi, inda kuke kallon wasa, ya ɗauki ihu, sannan ya yi tsit. Wasan Kamaru Usman ne, haifaffen Auchi a Nijeriya, wanda duk kuka ɗauke shi naku, da Leon Edwards. Ya ci wasa 15 a jere a UFC, ya taɓa cin wannan Leon Edwards ɗin a 2015, kuma a ranar ma shi ke gaba a takardun alƙalai, ya ci turmi uku cikin huɗu. Saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Edwards ya nuna masa hannun hagu, Usman ya kauce da kai, ya kai kansa daidai inda ƙafar hagu ke tahowa. Ya faɗi idanu a buɗe.

Duk wanda ya ba Usman a ranar ya karanta wasan daidai. Minti 24 suna ba shi gaskiya. Abin da ya rage masa bai kai lokacin da za ka ɗaura alwala ba, kuma a ciki aka karɓe komai. To da me za ka rantse? Sunan Allah ya fi ƙarfin a sa shi jingina a kan ƙafar wani bawa da ke wata nahiya. Malamanmu sun karantar da mu a Suratul Kahfi cewa ko abin da kai da kanka za ka aikata gobe ba ka yanke shi sai ka jingina ga nufin Allah, balle abin da ke hannun mutum biyu da alƙalin wasa da santsin ƙasa. Kuma ka sani rantsuwa tana da nauyin da take ragewa duk lokacin da ta faɗi banza. Ranar da za ka tsaya gaban dattawa a kan iyakar gona ko maganar aure ka ce wallahi, waɗanda suka ji ka kana rantsuwa a nadi suna cikin masu saurare.

Sannan akwai abin da ba ka gani sam. A kokawarmu ta da, an taɓa yin wani gwani da ya zo fili aka kayar da shi cikin ƙiftawar ido, jama'a suka yi ta surutu, wasu suka ce an yi masa asiri, wasu suka ce an saye shi. Sai bayan kwanaki muka ji cewa ya yi dare uku a zaune yana jinyar mahaifiyarsa, ya fito ne kawai don kada a ce garinsu ya gudu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A damben keji ma haka take, sai dai can kuɗi ya shiga. A Nuwamban 2022 an yi wani wasa a Las Vegas inda kuɗin 'yan caca suka kwarara gefe ɗaya sa'o'i kaɗan kafin a fara. Ɗan damben da aka yi caca a kan zai faɗi ashe da rauni a ƙafa ya shigo, aka gama da shi a turmin farko, daga baya hukuma ta dakatar da shi da mai horar da shi. Wasu sun san da raunin, kai da ke Sinnar da wayarka ba ka cikinsu.

Shi ya kawo ni kan caca. Hukuncinta ka san shi, Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a aya ɗaya, ba sai na tsawaita ba. Abin da nake so ka gane shi ne yadda tarkon yake aiki, don na ga masu ilimi sun fi faɗawa, saboda suna ganin su ba sa'a suke bi ba, sani suke sayarwa. Gidan caca ba ya hasashe don ya burge kowa. Yana tsara farashi ne yadda abin da zai biya masu ci bai kai abin da ya karɓa daga kowa ba, ko wane ne ya faɗi a keji. In ɗan dambe ya fi ƙarfi a fili, ribar da za a ba ka a kansa 'yar kaɗan ce, sai zuciya ta ce ka jera wasa huɗu ko biyar a tikiti ɗaya don abin ya yi kauri. To ɗauki alƙalami. A ce kai gwani ne, cikin kowane wasa goma kana dacewa a bakwai, wanda ba ƙaramin gwaninta ba ne. In ka jera biyar, dole duka su zo daidai, kuma lissafi ya nuna cikin tikiti 100 kusan 17 ne kawai za su tsira. Sauran 83 na gidan caca ne. Kullum kuma abin da zai riƙe ka shi ne "saura ɗaya", huɗu sun ci ɗaya ya yanke, sai ka ji kamar ka kusa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na san wani yaro a wani gari kudu da mu, ba zan kama suna ba don iyayensa suna raye. Mahaifinsa ya ba shi buhunan riɗi ya kai kasuwa, kuɗin da za a biya bashin noma da shi a kuma yi wa ƙanwarsa kayan ɗaki. Kuɗin suka kwana a wayarsa daren da ake wasa. Ya ce aro zai yi zuwa safe, don wasan a tafin hannunsa yake. Da ya rasa kashi ɗaya sai ya sa biyu don ya maido, har aka kira salla babu jine ɗaya. Ni na raka mahaifin wajen mai bashi. Na ga dattijo mai furfura ya cire hularsa ya riƙe a hannu biyu yana murzawa, yana neman a ɗaga masa zuwa kaka mai zuwa, bai kuma faɗi dalili ba don ya rufa wa ɗansa asiri. Yaron bai fara da riɗin ubansa ba. Ya fara ne da kuɗin shayi, kuma da maganar wani abokinsa da aka ce in ya faɗa ba ta faɗuwa. Wannan abokin nake tsoron ka zama. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana cewa gobe ta Allah ce ba. Kakanninmu sun baro Burmi a 1903 bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno gabas, ba gona ba rumbu. Duk mai hasashen da ya gan su a hanya zai ce tasu ta ƙare, ga shi yau jikokin jikokinsu sun cika bakin kogin nan. Kai kanka kuma ganau ne. Da aka fara harbi a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, ka ji masu cewa kafin Salla an gama, kowa da ɓangaren da ya ba nasara kamar ana maganar ƙwallo. A Disambar shekarar Wad Madani ta faɗi, jama'a suka kwararo mana da ƙunshin kaya a ka. A tsakiyar 2024 wutar ta iso Sinja. Akwai gidajen da suka ƙi tashi da wuri saboda wani mai baki ya tabbatar musu ba za ta iso ba. Ban kawo wannan don in haɗa jinin bayin Allah da wasa ba. Na kawo ne don ka ga cewa ɗabi'ar yanke magana a kan abin da ba a sani ba ɗaya ce, a nadi ake koyonta, a ranar tsanani take cin mutane.

Ban hana ka kallo ba, ban kuma hana ka auna 'yan dambe ba. Ni ma in na je Khartum a shekarun lafiya nakan nemi filin Haj Yusuf ranar Juma'a da yamma in kalli kokawar Nuba, in ga yadda ake ɗaga wanda ya ci a kafaɗa ana zagaya fili da shi. Abin da na roƙe ka shi ne, in wanda ka ba ya ci, kada ka bi abokanka da gori, in kuma ya faɗi kada ka zage shi ka ce ya ci amanarka, bai san da kai ba, jininsa ne ya zuba ba naka ba. Wanda ya shiga keji ya faɗi ya fi mu da ke bakin allo sanin abin da ake kira tsoro, ya kuma shiga duk da haka.

Yanzu ga abin da nake so ka yi. Ka tara abokan nan naka ka gaya musu da bakinka cewa daga yau duk wanda ya ɗora kuɗi a kan maganarka, kai ba ka yarda ba, kuma in sun tambaye ka wa zai ci, ka ba su irin amsar dattijon nan, mai sharaɗi. Ka goge manhajar caca daga wayarka in tana ciki. In akwai wanda ka ci kuɗinsa a musu, ka mayar masa kafin Juma'a. In kuwa kai ake bi, kada ka je neman rance don ka rufe, kada kuma ka taɓa kuɗin mahaifiyarka. Ka zo ka same ni bayan isha'i, mu biyu kawai, ka faɗa mini nawa ne.